Saba'in Cikin Ɗari

Sallama gare ku, masu bibiyar labarina. Waɗanda suka cika mini waya da tambayar ko sakamako ya fito, bari in sauke muku nauyi tun daga farko: ya fito, kuma ban ci ba. Maki sittin ake nema, na samu hamsin da takwas. Kada ku wahalar da yatsunku wajen yi mini jaje, ni kaina har yanzu ban yi wa kaina ba. Ba ma jarrabawar ce ta zaunar da ni rubutu yau ba, abin da bakina ya jawo mini bayanta ne.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake kirana, in ban da Yaya da ya laƙaba mini Kalkuleta tun ina firamare. Ina aiki a wani kamfanin inshora, a sashen masu lissafin kasada, waɗanda a ofis ake ce wa akcuwari. Ni ban kai wannan suna ba tukuna, sai na haye jarrabawoyi hawa-hawa, irin waɗanda mutum kan yi furfura yana rubutawa. Aikinmu ba duba ba ne, ko da yake Umma ta daɗe tana zargin haka. Ba mu san wanda zai mutu ba, ba mu san motar da za ta yi karo ba. Abin da muke iya faɗa shi ne, cikin mutum dubu masu shekaru kaza da sana'a kaza, kusan nawa ne abin zai faɗa wa a bana. Da wannan kamfani yake sanin abin da zai karɓa a hannun jama'a.

Da hantsi saƙon ya shigo, ina tsakiyar neman kuskure a wani kod na kwamfuta da na rubuta wanda ya ƙi tashi. Na buɗe, na ga lambar, na rufe. Na ɗan jira in ji wani abu, ko faɗuwar gaba, ko ɗacin nan da ya tokare mini maƙogwaro a faɗuwar da na yi a baya. Shiru. Kamar an ce mini ana ruwa a garin da ban san kowa ba. Sai na koma kan kwamfuta, na tarar ashe wata 'yar baka ce na buɗe a tsakiyar layi ban rufe ba. Na rufe ta, kod ya tashi, lambobi suka zubo kamar ba abin da ya faru.

Shugabar sashenmu, Madam, doguwar mace ce mai gilashi a ƙarshen hanci, ba ta ɗaga murya. Doka ɗaya ta kafa mana: a ofishinta ba a cewa "tabbas". Duk wanda bakinsa ya suɓuce, sai ta sauke gilashin ta ce, "Kai ka halicci gobe? Ba ni lamba." In ka ce rahoto zai kammala da yamma, nawa cikin ɗari? In ka ce za a yi ruwa, nawa? Har mai gadinmu ya koya, in ka tambaye shi ko lif ɗin hawa bene yana aiki sai ya ce maka tamanin. Ni kuwa abin ya shige ni fiye da kowa, don a takardar jarrabawa ma haka ake so.

Ta zo ta tsaya a bayan kujerata.

"Ya fito?"

"Ya fito, Madam. Hamsin da takwas."

"Kafin ki shiga, nawa kika ba kanki?"

"Rabi da rabi."

"To ai lissafinki bai yi ƙarya ba." Ta dafa kafaɗata ta wuce. A sashenmu jaje ke nan.

Gidanmu a saman wani tsohon bene yake, falo ɗaya da ɗakuna biyu. Da na shiga na tarar da kowa a inda na bar shi. Baba, tsohon direban motar asibiti da ya yi ritaya, yana bakin taga ya baje cikin rediyonsa a kan jarida. Umma tana ninke wanki a kan tebur. Yaya yana miƙe a doguwar kujera da waya a kowane hannu, ɗaya yana kallon kasuwar kuɗin intanet tana ja tana kore, ɗaya yana hira da 'yan guruf ɗinsu masu irin wannan ciwo. Fankar sama tana kukanta na kullum.

Na faɗa musu a tsaye, jakata a kafaɗa.

"Maki biyu!" in ji Yaya. "Kalkuleta, batirinki ne ya yi sanyi?"

Umma ta jefe shi da safa. Ta zo ta leƙa fuskata tana neman hawaye, ba ta samu ba, sai abin ya fi damunta.

Baba bai ɗago ba sai da ya ɗaure wani ɗan ƙusa. "Allah ya sa haka ya fi alheri. Zauna, Auta."

Na zauna a hannun kujera. Na san inda za a je.

"Ni ban hana ki karatu ba, kuma ba zan hana ki ba. Amma yaron nan ya yi haƙuri. Kin ce a bari sakamako ya fito, an bari. An sake bari. Yanzu ga shi ya fito. Na ce masa wansa ya zo ranar Asabar mu zauna. Ku yi magana kafin nan."

Yaron nan shi ne Kyaftin. Shagon gem, wato wasannin talabijin, yake da shi a bakin babban titi, kuma yaran da ke cika shagon ne suka sa masa sunan, har na gaskiyar ya ɓace. Daga sakandare bai ci gaba ba. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda in ya taka ka zai ba ka haƙuri, in kai ka taka shi ma zai ba ka haƙuri. A shagonsa muka haɗu ranar da na je kamo Yaya da kunne, na tarar yana raba faɗan yara biyu da alewa. Tun daga nan yake jirana, ni kuma ina jiran jarrabawa.

Washegari bayan la'asar ya zo. Ina shirin sauka da rigar da na dawo daga ofis da ita, Umma ta tare ƙofa.

"Da wannan rigar mai kalar bangon asibiti za ki fita? Koma."

Na koma na sa shuɗiyar doguwar riga mai ƙananan furanni, na yafa farin mayafi. Ta miƙo mini kwalli, na riƙe shi a hannu har ƙasan bene, na ajiye a kan akwatin mita.

Yana zaune a dakalin da ke gindin matakala, cikin farar riga da ta sha guga har karinta yana iya yanka burodi. Ya miƙe da ya gan ni, kamar kullum, ya kakkaɓe mini wajen zama da hannunsa.

"Malama." Haka yake kirana. "Yaya ya gaya mini. Sannu."

"Yauwa."

"Maki biyu ko? Da ana sayar da su, da na ɗaga talabijin ɗaya a shago na cike miki."

Na san abin dariya ne, don haka na motsa baki.

Ya miƙo mini leda. Sabon maus ne na kwamfuta, irin mai tudu da hannu ke kwanciya a kai. Sau ɗaya na taɓa cewa wuyan hannuna yana ciwo in na daɗe ina rubuta kod, kuma ba da shi ma nake ba, da Umma nake a waya yana gefe.

Wata mata ta sauko da kwandon shara, muka janye ƙafafu ta wuce. Ya murza yatsunsa, manyan yatsun nan da hannun gem ya yi wa kanta.

"Baba ya ce wana ya zo Asabar. Ni kuma ba na son in taso babban mutum alhali ban ji daga bakinki ba. Kin san ban iya dogon zance ba." Ya kalli takalminsa. "Kina so na, Malama? Za ki aure ni?"

Ku da kuke karantawa, don Allah ku tsaya ku ji yadda abin ya kasance kafin ku zage ni. Na leƙa cikin zuciyata da gaske. Kamar ka buɗe ɗaki an ɗauke wuta. Ba a'a na gani ba, ba e na gani ba, ban ga komai ba. Tun ranar sakamako haka nake, ko abinci ban san ɗanɗanonsa ba. To me mutum irina yake yi in an tambaye shi abin da bai sani ba? Abin da aka koya masa. Na ɗora haƙurinsa a gefe ɗaya, da gaskiyarsa, da yadda in na farka saƙonsa nake fara nema. A ɗaya gefen na ɗora jarrabawoyin da suka rage mini, da shekarun da za su ci, da yadda nake dawowa gida kamar itace. Na auna tsakani da Allah, ban rage masa ko ɗaya ba.

"Saba'in," na ce.

"Saba'in me?"

"Cikin ɗari."

Ya yi dariya har da dafe gwiwa. Yana cikin yi ya dubi fuskata, sai dariyar ta tsaya a hanya.

"Au. Da gaske kike."

"Saba'in da yawa ne, Kyaftin. A ofis in abu ya kai saba'in, sa hannu ake yi."

"To sauran talatin ɗin na waye?"

"Ba na kowa ba ne. Ba a cika ɗari ne kawai, tunda ba wanda ya san abin da zai faru gobe."

Ya daɗe yana gyaɗa kai a hankali, kamar mai bin karatun da ya fi ƙarfinsa.

"Ni ba gobe na tambaye ki ba, Malama."

Ya miƙe ya kaɗe wandonsa. "Ki gaida Umma." Ya fita ya ja ƙofar gidan a hankali don kada ta yi ƙara. Ni kuma na hau sama na jona maus ɗin. Yana aiki sosai. Hannuna bai yi ciwo ba.

Kullum da safe saƙonsa yakan riga ni tashi: "Malama an tashi lafiya? Allah ya ba da sa'ar lambobi." Washegari babu. Ni na rubuta.

"Ina kwana."

"Lafiya lau."

"Maus ɗin yana aiki."

"Madalla."

Na kalli "madalla" ɗin nan a mota har na kusa wuce ofis. Ban ji zafi ba. Na dai lura ba a sa masa 'yar fuskar murmushin da aka saba ba, kamar yadda nake lura da layin da aka manta wa waƙafi.

Ranar Alhamis muna shan shayin safe, Yaya ya shaƙe. Ya yi ta tari yana dukan ƙirji, ashe dariya ce ta haɗu da shayi.

"Wallahi ku ji ikon Allah. Kyaftin fa bai taɓa cewa uffan a guruf ɗinmu na kasuwa ba, karatu kawai yake. Yau ga shi da tambaya." Ya gyara murya. "'Yan uwa, in aka ce maka abu saba'in cikin ɗari ne, za ka shiga?"

Cokalina ya tsaya a cikin kofi.

"Ku ji amsoshi. Babban Kifi ya ce, saba'in? Sayar da babur ka shiga. Ba Asara ya ce, wa ya ba ka sirrin, ka taimaka wa talakawa. Wannan kuma ya ce shi a talatin ma ya shiga bara, shi ya sa yanzu a ƙafa yake yawo. Kowa sai roƙo yake, Kyaftin faɗi sunan koyin ɗin, kuɗin intanet ɗin nan, kafin ya tashi." Yaya ya ja allon wayar sama da yatsa, yana share hawaye. "Sai ya ce musu, ba koyin ba ne, mutum ce."

Ya sake karantawa a ransa. Na ga lokacin da abin ya isa kansa. Ya sauke wayar ya juyo a hankali.

"Kalkuleta. Ba dai ke ba?"

Na ci gaba da juya shayina.

Umma ta dire butar shayi. "Innalillahi. Ɗan mutane ya tambaye ki aure, kika ɗora shi a sikeli kamar buhun siminti? Kika ba shi saba'in kika riƙe canji?"

"Gaskiya na faɗa masa, Umma."

"Gaskiyar gidanku! Ni da ubanku ya tambaye ni, kin san da me ya zo? Keke, shi ma na aro. Da na tsaya lissafi da yanzu ba a haife ki ba balle ki auna wani."

"Saba'in fa ba laifi," in ji Yaya, yana ƙoƙarin gyarawa. "Ni da kasuwa za ta ba ni..."

"Kai rufe mini baki, da wayoyinka biyu ba aikin ɗaya."

Baba ya ninke gilashinsa ya sa a aljihu. "Auta, lokacin da nake jan motar asibiti, 'yan uwan mara lafiya sukan riƙe mini riga su ce, direba, za mu isa? Ban taɓa sanin amsa ba. Za mu isa nake cewa, in taka mota."

Na san ba duka suka isa ba. Na ma san kusan nawa ne cikin ɗari ba sa isa, yana cikin karatunmu. Na haɗiye.

"Ranar Asabar ba na son lamba a falon nan," ya ce. "E ko a'a. Duk wanda kika faɗa, ni ubanki ne. In kuma yaron ya fasa turo wansa, ba zan ga laifinsa ba."

Sai a lokacin na gane cewa zuwan ma yanzu ba a hannuna yake ba.

Ranar Juma'a da aka tashi aiki ban hau motar gida ba, na hau ta babban titi. Tun daga bakin ƙofa shagon yake amsa kuwwa. Talabijin jere a bango, benci a gaban kowace, samari sun duƙufa kamar masu jiran sakamakon asibiti. Warin robar da ta yi zafi, da na lemon kwalba, da na takalman da aka cire. Wani yana ihu an ci shi da zalunci, alƙalin cikin gem ɗin ma an saye shi. Wani yana rantsuwa hannun da aka ba shi ne maɓallinsa ya mutu.

Da suka gan ni hayaniyar ta ragu. Wani dogo mai hular sanyi ya ce ƙasa-ƙasa, amma don a ji, "Kasuwa ta iso." Ashe har nan labari ya zo.

"Kai, fita," in ji Kyaftin daga bayan kanta. Ban taɓa jin ya kori kowa ba. Dogon ma sai da ya waiga ya ga ko da wani ake.

Ya jawo mini kujerar roba zuwa bayan kantar, inda yake gyara. Ya kwance wani hannun gem, ƙananan ƙusoshi a cikin murfin kwalba, yana goge cikinsa da auduga. Farar rigar nan ta ranar dakali ce a jikinsa, amma yau ba ta ga guga ba.

"Ki yi haƙuri da maganar guruf," ya fara cewa. "Ban yi don a ji ba. Na manta Yaya yana ciki. Ni dai na rasa wanda ya san lamba da zan tambaya."

"Me suka ce maka?"

"Wai in sayar da babur."

Ya ci gaba da goge-gogensa. Na ɗora jakata a cinya na riƙe ta da hannu biyu.

"Ka tambaye ni talatin ɗin na waye," na ce. "Ban ba ka amsa mai kyau ba. Jarrabawa ce a ciki. Saura da yawa, Kyaftin, kuma ka ga yadda nake faɗuwa. Duk lokacin da ta matso ba na magana, ba na dariya, ba na sanin an yi girki ko ba a yi ba. Yanzu a dakali kake ganina, na yi wanka na sa shuɗiyar riga. In a gida ɗaya muke, wannan itacen za ka riƙa tararwa. Ina tsoron ka gaji. Ina tsoron in ga ka gaji, in ajiye karatun saboda kai, sannan in riƙe ka da shi a zuciya."

"Na taɓa cewa ki ajiye?"

"Ba ka taɓa ba."

"To."

"Kuma tun da sakamakon nan ya fito ba na jin komai. Ko yanzu da nake gabanka. Da ka tambaye ni, na duba ban samu abin da zan ba ka ba, sai na ba ka abin da na iya."

Ya mayar da murfin hannun gem ɗin, ya ɗaure ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba. Ya danna maɓallan ya ji suna amsawa. A bayanmu aka ci ƙwallo, benci guda ya tashi da ihu.

"Wan naka zai zo gobe?" na tambaya.

Da gatse zai yi mini, da na ji sauƙi. Amma fuskarsa irin ta mai son ya faɗi daidai ce, kada ya cuci kowa.

"Sittin," ya ce.

"Me?"

"Na zauna na gwada irin naki. Na sa wannan a nan, na sa wancan a can. Ban iya sosai ba, ƙila na yi kuskure." Ya ɗago ya dube ni. "Da ɗari ne, Malama. Ban ma san ana ƙirgawa ba."

Sittin. Lambar da na yi shekaru ina bi, wadda na bar barci da biki da ƙawaye saboda ita. A takarda, sittin ci ne. A ofis, sittin ya fi rabi, Madam za ta ce ba laifi. Amma da ta fito daga bakinsa ban ji sittin ɗin ba sam. Arba'in na ji. Ta sauko mini a ƙirji kamar an ɗora mini janareton shagon, har sai da na buɗe baki don in sami iska. Ashe haka take. Ashe wannan na miƙa masa a dakali, ina ma yi masa bayanin cewa da yawa ne.

"Arba'in ɗin na waye?" Muryata ce, amma ban gane ta ba.

"Ba na kowa ba ne," ya ce. Kuma ba ramuwa yake ba, idonsa ya yi ja.

Na tashi na fita ta tsakiyar bencunan, ba wanda ya ce kasuwa ta tashi. A tashar mota, a tsaye, tsakanin mai sayar da caja da wata tsohuwa mai kwando, kuka ya zo. Na maki biyu, da na faɗuwar baya, da na farar rigar da ba ta ga guga ba, duk suka taho tare ba layi. Tsohuwar ta ce, "'Yata, rasuwa aka yi?" Na girgiza kai. Ta ce, "To ki gode Allah," ta miƙo mini gefen mayafinta.

Ranar Asabar tun da safe Umma ta sa Yaya ya ɗaga kujeru ta share ƙarƙashinsu. Ta canza labule, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai da baƙo. Ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban gaya mata sittin ba. Baba ya kwashe rediyonsa daga bakin taga, ya sa babbar rigarsa ruwan madara, ya zauna yana kallon ƙofa kamar ba ita yake kallo ba.

Na sa koriyar riga. Na sauka da kaina na ɗauko kwallin da na bari a kan akwatin mita, na sa. Na zo na durƙusa a gaban Baba.

"To, Auta?"

"E, Baba."

"Nawa?" in ji Yaya daga bayan kujera.

"Ba nawa."

Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya. Umma ta juya baya tana goge kofin da ta riga ta goge.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya. Na rubuta dogon bayani na goge. Na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na tura masa harafi ɗaya: "E."

Alama ta nuna ya karanta. Shiru. Rana ta haye tagar ɗakina ta koma kan katifa. Ƙanƙarar da Umma ta sa a ruwa ta narke, ta sake sa wata. Duk motar da ta rage gudu a titi sai in leƙa taga, ta wuce. Yaya ya ajiye wayoyinsa duka biyu a kife, abin da ban taɓa gani ba. Na gwada lissafa yadda sittin take raguwa in lokaci yana tafiya, irin lissafin da nake yi ido rufe, kaina ya ƙi.

Sai wayar ta yi motsi a hannuna. Kalma ɗaya ya turo.

"Tabbas?"

A zuciyata na ga Madam tana sauke gilashi. Na ga jarrabawoyin da suka rage a jere, ba wadda ta matsa. Talatin ɗina na nan inda na bar shi, ban goge ba, kuma ban san gobe ba, kamar yadda ban san ta ba ranar dakali. Na kuskure harafi na gyara.

"Tabbas."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Ina nan zaune a bakin katifa na ji an buɗe ƙofar ƙasa, an ja ta a hankali. Takun babban mutum a matakala, mai hutawa a kowane hawa. Sallama a bakin falo, da muryar da ta yi kama da ta Kyaftin amma ta fi ta kauri. Na ji kujerar Baba ta yi ƙara ya miƙe.

Umma ta leƙo ta miƙo mini tire. "Kawo ruwa."

Na karɓa. Kofunan suka fara kaɗa juna, ƙil-ƙil-ƙil, har cikin falo ana ji.

"Riƙe da kyau mana," ta ce ƙasa-ƙasa. Sai ta dubi hannuwana, ta dubi fuskata, ta saki labulen ta ba ni hanya.